RA'AYINMU: Waƙoƙin Kishin Ƙasa Da Kofi A Hannu

A shekarar 2026 ne ƙasar Amurka take cika shekara 250 da shelar 'yancin kanta daga mulkin Ingila, wadda aka yi ranar 4 ga watan Yuli, 1776. Duk wanda ya taɓa kallon wasannin motsa jiki na duniya a talabijin ya ji taken wannan ƙasa, ya kuma ga yadda 'ya'yanta suke miƙewa tsaye, hannu a ƙirji, wasu har da hawaye. Abin da da yawa daga cikin masu karatu ba su sani ba shi ne, muryar da ake rera taken da ita, a wani gidan cin abinci da shan giya na birnin Landan aka fara jin ta, a gaban mutanen da suka ci suka ƙoshi, ga kofuna cike a gabansu.

Ba mun kawo wannan labari don mu yi wa Amurkawa dariya ba ne. Mun kawo shi ne domin mu ma muna da ranar 'yanci, muna da matasa masu son waƙa, muna kuma da mashaya a unguwanninmu. Gwagwarmayar da aka yi tsakanin ikkilisiya da kwalba a kan bikin 'yancin Amurka, a cikin shekaru 60 na farko, tana da darasi babba a gare mu. Masu iya magana sun ce, gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Tun kafin samun 'yanci, mashaya ita ce majalisar talaka a Amurka. A nan matafiyi yake sauka, a nan ake karanta jarida da ƙarfi domin waɗanda ba su yi karatu ba, a nan kuma ake kukan harajin da Ingila ta ɗora wa jama'a. Saboda haka waƙoƙin neman 'yanci na farko a mashaya suka yi wayo. A 1768 wani lauya mai suna John Dickinson ya rubuta wadda ake kira Waƙar 'Yanci, ya ɗora ta a kan muryar wata waƙar sojojin ruwa na Ingila wadda kowa ya iya. Baitinta na ƙarshe na ɗaga kofi ne, inda ake sha don lafiyar Sarkin Ingila da ɗaukakar ƙasarsa, bisa sharaɗin Ingila ta yi adalci, su kuma a bar su da 'yancinsu. Dabarar da mawaƙan zamanin suka riƙa bi ke nan. Sai a ɗauki tsohuwar murya da take bakin jama'a, a zuba mata sababbin kalmomi, a buga a jarida, kafin a ce me ta game gari.

Bikin cika shekara ɗaya da 'yanci, a birnin Filadelfiya aka yi shi a 1777, yaƙi yana kan ci. Jiragen ruwa sun harba igwa sau 13, ɗaya domin kowace jiha daga cikin jihohi 13 da suka haɗu suka kafa ƙasar. An shirya wa 'yan majalisa liyafa, makaɗan badujala na sojojin haya daga Jamus, waɗanda aka kama a fagen fama, su ne suka yi kiɗa. Ana ɗaga kofi, ana harba bindiga. Da dare aka kaɗa ƙararrawa, aka yi wasan wuta, aka kunna kyandir a tagogi. Da shekara ta zagayo, a 1778, Janar George Washington ya ba da umarni a ninka wa kowane soja rabonsa na barasa saboda darajar ranar.

Daga nan abin ya zama al'ada a birane da ƙauyuka. Bayan fareti da jawabi, sai maza su taru a mashaya ko a ƙarƙashin rumfa domin liyafa. Shugaban taro ya miƙe da kofi a hannu, ya ambaci abin da za a girmama, kamar ranar kanta, ko shugaban ƙasa, ko tsarin mulki, ko mazajen da suka faɗi a yaƙi, ko noma da ciniki. Kowa ya kafa kai ya sha, a harba igwa, a yi shewa, sannan a rera waƙa ko a yi kiɗa. Haka za a yi ta yi har sau 13, a wasu wurare kuma duk lokacin da aka ƙara jiha sai a ƙara kofi. Idan an gama da waɗanda aka tsara, sai a buɗe fili ga duk mai son ya ɗaga nasa. Bayan kwana biyu jaridu su buga jerin abin da aka faɗa da sunayen waƙoƙin da aka rera. Mai karatu ya auna da kansa halin da magidanci zai koma gida a ciki bayan kofi 13.

A irin waɗannan liyafa ne muryar da muka ambata da farko ta sami gindin zama. Asalinta waƙar wata ƙungiya ce ta masu hali da masu sha'awar kiɗa a Landan, waɗanda suka sa wa ƙungiyarsu sunan Anakiriyon, wani mawaƙin Girka na zamanin dā wanda ya yi suna wajen yabon ruwan inabi da soyayya. John Stafford Smith ne ya tsara muryar a cikin shekarun 1770. Masana tarihin kiɗa sun nuna cewa ba waƙar 'yan tasha ba ce, gwanin mawaƙi ne yake rera ta bayan an ci abincin dare, sauran su amsa. Duk da haka, kalmominta na yabon allolin Girka da Roma ne na giya da na sha'awa. Da muryar ta ƙetare teku, Amurkawa suka ɗora mata waƙoƙin siyasa da na kishin ƙasa masu yawan gaske. Wadda ta fi tashe ita ce ta yabon Shugaba John Adams, wadda Robert Treat Paine ya rubuta a 1798.

Wani lauya mai suna Francis Scott Key ya san muryar sarai, domin a 1805 ya ɗora mata waƙa saboda liyafar tarbar jaruman sojojin ruwa da suka komo daga yaƙin Tarabulus. A watan Satumba na 1814, yana cikin jirgin ruwa ya kwana yana kallon yadda jiragen yaƙin Ingila suke ruwan wuta a kan sansanin da yake tsaron birnin Baltimo. Da gari ya waye ya ga tutar ƙasarsa tana nan ba ta sauka ba, sai ya rubuta baitocin da suka dace da wannan tsohuwar murya. Su ne suka zama taken ƙasa bisa doka ranar 3 ga watan Maris, 1931. Abin mamaki, a lokacin an haramta sayar da giya a duk faɗin Amurka, har ma wasu sun yi gardama cewa bai kamata muryar mashaya ta zama taken ƙasa ba.

To, dole ne mu faɗi gaskiya, waɗannan waƙoƙi sun yi aiki. Mutanen jihohin nan 13 ba su saba ɗaukar kansu al'umma ɗaya ba. Kowa da jiharsa yake taƙama, kowa da ɗarikarsa, tafiya daga wannan gefe zuwa wancan kuma sai a yi makonni. Babu rediyo, babu waya. Amma idan manomin kudu da masuncin arewa suka rera waƙa ɗaya a rana ɗaya, kowane ya karanta a jarida cewa ɗan'uwansa ma ya rera, sai su soma jin cewa uwa ɗaya ta haife su. Abin da jawabin awa biyu bai iya sa wa a zuciya ba, baiti huɗu sun sa. Wanda ya raina ƙarfin waƙa bai san ɗan Adam ba.

Amma wannan haɗin kai da aka ɗaura da kwalba ya zo da hasara iri uku.

Ta farko ita ce ta lafiya da ta gida. Manoman Amurka suna da masara mai yawa, hanyoyin kai ta kasuwa kuwa babu kyau, saboda haka suka riƙa mai da ita wiski, wadda ta fi sauƙin ɗauka, ba ta kuma lalacewa. Wiski ta yi arha har ta fi shayi da kofi sauƙin saye. Ana sha da safe, ana sha a gona, ana sha a wurin zaɓe da wurin jana'iza. Masana tarihi sun ƙiyasta cewa a wajejen 1830, idan aka raba abin da ake sha a kan duk wanda ya kai shekara 15, kowane zai tashi da kimanin galan 7, wato fiye da lita 26, na tsantsar sinadarin maye a shekara. Ranar 'yanci ba ita ta haifi wannan masifa ba, amma ta sa mata rigar mutunci. Mutum ya bugu ya faɗi a kwata, a ce ai kishin ƙasa ne. Matarsa da 'ya'yansa su ne suka san kuɗin wannan kishi.

Ta biyu ita ce ta waɗanda aka bari a waje. Mata ba sa zama a yawancin liyafar, sai dai a ɗaga kofi da sunansu a ƙarshe. A daren bikin 1777 ɗin nan, 'yan ɗarikar Kwaka, Kiristoci masu ƙin yaƙi saboda bangaskiyarsu, waɗanda ba su kunna kyandir ba, an farfasa wa wasunsu tagogi da duwatsu. Mafi muni shi ne batun bayi. Ƙidayar 1790 ta nuna akwai bayi kusan dubu 700 a ƙasar, 'ya'yan Afirka, waɗanda a wurare da dama su ne suke dafa abincin liyafar, su zuba giyar, su tsaya a baya suna jin iyayengijinsu suna waƙar cewa ba za su taɓa yarda su zama bayi ba. Shi kansa Key, wanda mai zuwa sujada ne har ya rubuta waƙoƙin yabon Allah, yana da bayi. Kada mu manta kuma, barasar rake da suke sha, daga gonakin da bayi suke nomawa a tsibiran Karibiyan take samo asali, da irinta ne kuma fatake suka riƙa sayen mutane a gaɓar tekun Afirka ta Yamma. Shi ya sa a ranar 5 ga watan Yuli, 1852, Frederick Douglass, wanda ya tsere daga bauta, ya tsaya a birnin Rochester ya shaida wa masu sauraronsa cewa bikin nasu ne, shi da 'yan'uwansa kuwa ranar makoki ce a gare su.

Ta uku ita ce rarrabuwa. Kafin 1800 jam'iyyu biyu na ƙasar sun soma yin liyafarsu dabam dabam a gari ɗaya, kowace da mashayarta da waƙoƙinta, suna yi wa juna habaici da zambo a kan murya ɗaya. Waƙar da ta haɗa su jiya, ita ce ta zama sandar dukan juna yau.

Ina ikkilisiya take a duk wannan lokaci? Amsar ba ta da daɗin ji. Tun a watan Yuli na 1776 John Adams ya rubuta wa matarsa wasiƙa yana fatan za a riƙa tunawa da samun 'yanci da sujada ga Allah Maɗaukaki, tare da fareti da ƙararrawa da wasanni. An riƙe faretin, an kuma riƙe addu'ar buɗe taro, amma bayan addu'ar fastoci da yawa sun zauna an ɗaga kofi da su. Wani fasto mai suna Lyman Beecher ya ba da labarin yadda ya halarci bikin naɗa wani sabon fasto a jihar Konetikat, ya tarar da teburin da aka shirya wa masu hidimar Allah cike da kwalabe, ɗakin yana warin mashaya. Wanda ya fara ɗaga murya da ƙarfi ma likita ne, Benjamin Rush, ɗaya daga cikin waɗanda suka sa hannu a takardar shelar 'yanci, wanda ya wallafa ɗan littafi a 1784 a kan ɓarnar da barasa take yi wa jiki da hankali. Sai da aka yi shekaru kafin masu wa'azi su bi sawunsa.

Da ikkilisiya ta farka, ta fara da gidanta. Beecher ya yi wa'azi shida a jere a kan shaye-shaye a 1825, aka buga su suka bazu. A 1826 aka kafa ƙungiyar yaƙi da shan barasa ta Amurka a birnin Bostan, a cikin shekara 10 kuma fiye da mutum miliyan ɗaya suka shiga. Amma abin da muke so masu karatu su lura da shi shi ne yadda suka yi da ranar 4 ga Yuli. Ba su ce wa jama'a su kulle ƙofa su zauna a gida ba. Sun shirya nasu bikin. Makarantun Lahadi suka riƙa fito da yara su yi maci da tutoci, a kai su inuwar itatuwa a ci abinci, a sha ruwan sanyi da na lemo, a yi jawabi, a yi waƙa. Aka kafa ƙungiyar yara da ake kira Rundunar Ruwan Sanyi, dubban yara suna zaga gari da waƙoƙinsu. Iyaye mata, waɗanda dā ake bari a gida, su ne suka zama ƙashin bayan bikin. Uban da ya zo kallon ɗansa yana maci, da wuya ya sulale zuwa mashaya.

A irin wannan taro na yara ne, a wata majami'a da ke Bostan, ranar 4 ga watan Yuli, 1831, aka fara rera wata sabuwar waƙar kishin ƙasa wadda wani ɗalibin makarantar tauhidi, Samuel Francis Smith, ya rubuta. Shi ma tsohuwar murya ya ara, wadda Ingilishi suke rera taken Sarkinsu da ita. Baitinta na ƙarshe addu'a ce ga Allah, ana shaida cewa shi ne tushen 'yanci, ana roƙonsa ya kiyaye ƙasar. Wannan waƙa ta shiga makarantu da majami'u, ta yi shekara da shekaru ana rera ta kamar taken ƙasa. Ita ce kuma Fasto Martin Luther King ya ɗauko a jawabinsa na birnin Washintan a 1963, sa'ad da yake neman a ba baƙar fata haƙƙinsu. Waƙar da aka haifa a gaban Allah ta iya zama makamin wanda aka zalunta.

Kafin 1845 yawan barasar da ake sha a Amurka ya faɗi ƙasa da rabin abin da ake sha a 1830. An sami wannan ne ta wurin wa'azi, da alkawarin da mutum yake ɗauka da bakinsa, da zumunta, da waƙa. Daga baya, a 1920, aka sa dokar hana giya a ƙasar baki ɗaya. Dokar ta rage sha, amma ta buɗe ƙofar fasa-ƙwauri da cin hanci da 'yan daba, har aka soke ta a 1933. Doka tana iya rufe ƙofar mashaya, amma ba ta iya ba mutum wurin da zai je da yamma idan zuciyarsa tana neman jama'a da murna.

Wannan darasi yana cikin Littafi Mai Tsarki tun dā. Isra'ilawa sun yi bikin 'yanci sau biyu a Littafin Fitowa. A sura 15, da suka haye Bahar Maliya suka ga ƙarshen rundunar Fir'auna, Musa ya ja waƙa, Maryamu ta ɗauki abin kiɗa, mata suka bi ta da rawa, dukan yabon kuwa na Ubangiji ne. Bayan 'yan watanni, a sura 32, mutanen nan dai suka zauna ci da sha a gaban ɗan maraƙi na zinariya, suka tashi suna shagali. Joshuwa ya ji hayaniyar daga nesa ya zaci yaƙi ne, Musa ya gane waƙa ce. Mutane ɗaya, muryoyi ɗaya, amma bikin farko ya ƙare da godiya, na biyu da gawawwaki wajen dubu 3. Annabi Amos kuma, a sura 6, ya yi kaito ga manyan da suke ƙaga waƙoƙi da molo, suna shan ruwan inabi a manyan kwanoni, alhali lalacewar jama'arsu ba ta dame su ba. Manzo Bulus ne ya haɗa maganar wuri ɗaya a Afisawa 5:18-19. Da ya hana buguwa, bai tsaya a nan ba, nan take ya ce a cika da Ruhu, a riƙa yi wa juna magana da zabura da waƙoƙin yabo. Ya karɓe kofi daga hannu, ya sa waƙa a baki.

Yanzu bari mu komo gida. Yaƙi da kwalba ba baƙo ba ne a tarihinmu. Bishop Herbert Tugwell, wanda ya jagoranci ayarin masu bishara zuwa Kano a 1900, ya yi shekaru yana faɗa da shigo da barasar Turai cikin Nijeriya, a lokacin da gwamnatin mulkin mallaka a kudu take samun kuɗin shiga mai yawa daga harajinta. A ƙauyukanmu kuma, burukutu shi ne yake tara mutane wurin gayya da biki da makoki, da waƙoƙinsa da kiɗansa. Kakanninmu da suka karɓi bishara, da yawansu sun ajiye ƙwarya, iyayenmu mata da yawa sun kife tukunyar dafa giya, wadda ita ce hanyar samunsu. Ba su zauna shiru cikin kaɗaici ba. Sun sami Littafin Waƙoƙi, sun sami Zumuntar Mata da tulu da kacau-kacau, sun sami ƙungiyar mawaƙa da fita bishara. Sabuwar zumunta ce ta riƙe su, shi ya sa ba su koma ba.

Mun sani ɗarikunmu ba su zama ɗaya a kan batun giya ba. Wasu sun hana ta sam, wasu sun bar mutum da lamirinsa. Amma babu ɗarikar da ta halatta maye, maƙwabtanmu Musulmi kuma suna tare da mu a kan wannan. Tambayar da take gabanmu ita ce, me muke yi da ranar 1 ga Oktoba? A garuruwa da yawa, idan an tashi daga fareti, in ma an yi shi, majami'a a kulle take, mashaya kuwa a buɗe har dare, kiɗa yana tashi. A can matasanmu suke haɗuwa da barasar leda mai arha da ƙwayoyi. A can suke jin waƙoƙin 'yan siyasa masu zagin abokan hamayya, da masu cusa ƙiyayyar ƙabila. Wasu daga cikinmu kuma, saboda wahalar rayuwa da rashin tsaro, sun ce babu abin murna a ƙasar nan, sun juya wa ranar baya. Mun fahimci zafin da yake sa a faɗi haka, gama mu ma mun binne namu. Amma Annabi Irmiya, a sura 29, ya umarci waɗanda suke zaman bauta a Babila su nemi lafiyar birnin, su yi addu'a dominsa. Idan an ce haka game da ƙasar baƙunci, ina ga ƙasar da aka binne cibiyarmu?

Akwai kuma batun harshe. An rera taken ƙasa na farko daga 1960, aka sauya shi a 1978, aka komo da na farkon a watan Mayu na 2024. Dukansu biyu da Turanci suke, dukansu kuma suna ɗauke da addu'a ga Allah. Amma tsohuwar da take zaune a bencin gaba a majami'ar ƙauye, kalma nawa take ganewa a ciki? Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Saboda haka muna kira ga shugabannin ikkilisiya a kan abubuwa biyar.

Na farko, kowace majami'a ta buɗe ƙofarta ranar 1 ga Oktoba, a yi sujadar godiya da roƙo domin ƙasa da masu mulki, kamar yadda 1 Timoti 2:1-2 ta koya mana. Kada a tsaya ga sujada kaɗai. A yi maci na yaran makarantar Lahadi da 'yan Birged, a yi wasan ƙwallo, a ci abinci tare, a sha kunu da zoɓo, har yamma ta yi.

Na biyu, ƙungiyoyin mawaƙa da Zumuntar Mata da matasa su tsara sababbin waƙoƙin ƙasa da Hausa da sauran harsunanmu. Gundumomi su sa gasa, a ba da kyauta, a tattara waɗanda suka yi fice a buga. Waƙoƙin su faɗi gaskiya, su gode wa Allah saboda ƙasa da damina da zaman tare, su kuma yi kuka a kan cin hanci da zub da jini, kada su zama na yabon wani mai mulki ko wata jam'iyya.

Na uku, game da aron murya, kada mu yi saurin yanke hukunci. Tarihin da muka kawo ya nuna cewa murya tana iya sauya ubangida, har a manta inda ta fito. Amma idan wata murya har yanzu tana tuna wa ɗan'uwan da bai daɗe da barin sha ba ƙofar mashaya, ƙauna ta ce a ajiye ta tukuna. Dattawa da shugabannin mawaƙa su zauna su auna tare.

Na huɗu, a duba waɗanda suke tsaye a waje. Nehemiya ya ce wa jama'a a ranar murna su ci su sha mai daɗi, su kuma aika wa waɗanda ba su da kome. Gwauraye da marayu, da waɗanda rikici ya raba da gidajensu, da 'yan kurkuku, da maƙwabcin da ba addininmu ɗaya ba, kowa ya sami rabonsa. Bikin 'yancin da wani yake kallo ta taga da yunwa a cikinsa, irin wanda Amos ya tsawata ne.

Na biyar, gyara ya fara daga kanmu. Fasto ko dattijon da yake hana matasa da rana, ya aika a sayo masa da dare, ya sani yaran sun riga sun gani. Ɗan'uwan da sha ya kama kuma, kada a tsaya ga sa shi a bencin horo. A ziyarce shi, a kai shi asibiti idan ya kamata, a ba shi wuri a cikin mawaƙa ko wani aiki.

Amurkawan farko sun kori Sarkin Ingila, amma da yawansu sun faɗa hannun wani sarki wanda yake zaune a cikin kwalba, suna kuwa rera masa waƙar 'yanci. Ubangijinmu Yesu ya faɗa a Yahaya sura 8 cewa mai aikata zunubi bawansa ne, wanda Ɗan ya 'yanta kuwa shi ne ɗa na gaske. Matasanmu za su yi waƙa ranar 1 ga Oktoba, ko mun shirya ko ba mu shirya ba. Abin da ya rage gare mu shi ne mu zaɓi inda za su yi ta, da abin da za su rera. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah ya ba ƙasarmu salama, ya ba shugabanninmu tsoronsa, ya kuma sa sabuwar waƙa a bakin 'ya'yanmu. Amin.